Zama a Pitowa ko Lagdo, neman abinci a Garwa: wa ya taɓa gwadawa?

Tela na Yelwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka zauna, ba waɗanda suka ji a bakin wani ba. Ɗinki nake yi a Garwa, nan arewacin Kamaru, shagona yana unguwar Yelwa. Mai gidan da nake haya ya sake ƙara kuɗi, ga yara sun tasa, ɗaki biyu ya yi mana kaɗan. An nuna mini fili a bayan Pitowa ta gefen fadama, kuɗinsa bai kai rabin abin da ake nema a bakin gari nan Garwa ba. Surukina kuma ya matsa in bar zancen Pitowa in zo Lagdo inda yake, wai can ga kifi, ga iska, ga wuta tunda a can ake yin ta. Niyyata iyali su zauna can, ni in riƙa zuwa shago. Don Allah a gaya mini gaskiyar zaman.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, a wane wata aka kai ka filin?

Tela na Yelwa: Cikin Maris ne, Baba.

Baba Direba: To ba ka ga fili ba tukuna. A Maris ko ƙarƙashin gadar Binuwai ka leƙa, yashi za ka gani ya fi ruwa yawa, masu wanki suna shanya a kai. Filin bakin ruwa ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake duba shi, kuma da ƙafarka, kada ka aika kowa. In ka je, bar mai sayarwa ya yi ta surutunsa, kai ka dubi gindin katangun maƙwabta. Ruwa yana barin zane a jikin bango, ko an shafe da sabuwar laka za ka ga inda launi ya bambanta. Sannan ka dubi itatuwa. Inda tsohuwar kuka da tsamiya suke tsaye, tudu ne. Inda giyayya ta yi yawa, ƙasa baƙa tana darewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, wannan makwancin ruwa ne, ko wa ya rantse maka.

Maman Biyu: Yaya Tela, mu a Pitowa muke, daga unguwar Fulɓere ta Garwa muka taso. Ni dai ban yi nadama ba, amma gidanmu yana cikin gari kusa da kwalta, ba gefen fadama ba. Tsakaninmu da Garwa kamar kilomita 15 ne a kan babbar hanyar Marwa, mota ba ta yankewa. Abin da na fi jin daɗi shi ne ranar Lahadi. Kasuwar nan tana ci sosai, mutanen Garwa da kansu suke zuwa sayayya. Albasa, kuɓewa, yakuwa, gyaɗa, masara, awaki, duk daga hannun mai shi kake saya kafin dillali ya ɗora nasa. A Garwa tsakar gidanmu ko igiyar shanya ba ta isa ba, yanzu ina da kaji, ina da tumaki biyu, na shuka zogale da rama a bayan ɗaki. In wuta ta ɗauke a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mukan shimfiɗa tabarma a waje mu yi barci. A gidan haya wa zai ba ka wannan wurin?

Abin da ba na so, sauro. Da magariba ta yi a damina sai kowa ya shige gidan sauro, har abincin dare a ciki yara ke ci. Sai kuma maigida da ba ma ganinsa. Ya fita bayan asuba, ya dawo yara sun yi barci.

Ɗan Moto: Kilomita 15 a baki ba komai ba ne. Ka lissafa zuwa da dawowa, kwana shida a mako, ka ga abin da zai rage maka. Da can da zuwa-zuwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri daga Najeriya, ke araha, ana zuba lita a bakin hanya ba a ko jin zafi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kwalbar nan ta bakin titi ta daina zama ta talaka. Ni aikina ke nan, na san masu hawa. Da yawa da suka koma bayan gari don gudun haya, abin da suka tsira da shi mu da masu mai muke rabawa. Kuma kai tela ne fa. Daren sallah ƙarfe biyu za ka hau hanya ka tafi Pitowa?

Tela na Yelwa: Lokacin sallah dama a shago nake kwana, ko yanzu.

Ɗan Moto: Yanzu in wani abu ya taso a gida, minti kaɗan ka iso. Wannan ne bambancin.

Ɗan Masunta: Malam Tela, ni haifaffen Lagdo ne, kuma ina son garinmu, amma surukinka bai gaya maka duka ba. Lagdo ba wurin da za ka kwana ka riƙa zuwa shago Garwa kullum ba ne. Sai ka bi hanyar Ngaundere har Ngong sannan ka karya hagu, wajen kilomita 65 ke nan. In ka ajiye iyali a nan, to ka zama baƙon Juma'a.

Garin kansa madatsar ruwa ce ta yi shi. 'Yan Sin suka gina ta daga 1977 zuwa 1982, zamanin shugaba Ahmadu Ahijo. Da ruwa ya taru ya zama tafki, sai masunta suka yi ta sauka, Musgum da Kotoko da Masa daga wajen Logon, Hausawa daga Najeriya, har da mutanen Mali. Mahaifina yana cikin waɗanda suka zo da kalli da mamari. Yakan ce a shekarun farko ba neman kifi ake yi ba, neman mai saye ake yi. Giwan ruwa sai mutum biyu sun kama kafin a fitar da ita daga kwale-kwale. Yau ka zo bakin ruwa da hantsi ka ga abin da ake saukewa: karfasa 'yan ƙanana, tarwaɗa, ƙurungu, jefi-jefi ragon ruwa. Masunta sun yi yawa, raga mai ƙananan ido ta kwashe har 'ya'yan kifi, ga laka tana cike tafkin a hankali. Shi ya sa hukuma ke rufe kamun kifi wata uku a damina, Yuli zuwa Satumba, don kifi ya hayayyafa. A watannin nan garin yakan yi sanyi ƙalau, mai shago da mai nama da tela duk sai sun ji a jikinsu.

Batun wuta kuwa, ka yi dariya kawai. Injuna huɗu ne, megawat 72 in ruwa ya cika, kuma su ake jira daga Ngaundere har Marwa. Shekarar da ruwa ya yi ƙasa kowa yana shan duhu, har mu da ke kallon dam ɗin daga ƙofar gida. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa sun rage abin, ba su kashe shi ba.

Na Jimeta: Ku mutanen Lagdo har kuna da bakin magana? Ku ne duk shekara kuke sako mana ruwa. A 2012 da 2022 mun ga tashin hankali, daga Yola har Makurɗi da Lokoja. Gonakinmu na bakin Binuwai sun tafi, mutane sun kwana a makarantu.

Ɗan Masunta: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amma kana magana sai ka ce makullin yana aljihuna. A 2012 mu ma ƙauyukan da ke ƙasan dam sun nutse, unguwannin bakin kogi a Garwa sun sha ruwa, har shugaban ƙasa ya zo jaje a watan Satumba.

Malamin Lise: Ku bari in shiga nan, don wannan gardamar ta shafi filin da Malam Tela ke tambaya a kai. Dam ɗin Lagdo ruwan Binuwai na sama kawai yake tarewa. Mayo Kebbi, wanda ya taso daga Cadi ta tafkin Lere, yana shiga Binuwai ne a ƙasan dam, kafin a iso Garwa, wato ta yankin Pitowa ɗin nan. Babu ƙofar da ke riƙe shi. Faro kuma yana haɗuwa da Binuwai can gaba kusa da iyakar Najeriya, shi ma ba mai tare shi. Saboda haka ko ba a buɗe ƙofa ko ɗaya a Lagdo ba, in aka yi ruwa mai ƙarfi a Cadi da tsaunukan Adamawa, fadama za ta cika. Ranar da abin ke ɓaci ita ce ranar da tafki ya cika makil, dole a rage don kada dam ɗin kansa ya samu matsala, ga Mayo Kebbi shi ma ya kawo. Ruwa biyu suka haɗu a wuri ɗaya, sai ya koma baya ya bazu.

Ɗan'uwanmu na Jimeta, ku ma akwai taku. Tun lokacin da ake gina Lagdo ake zancen Najeriya za ta yi dam a Dasin Hausa, ta wajen Fufore, don ya riƙe abin da aka sako. Har yau yana kan takarda.

Na Jimeta: Wannan kam gaskiya ne Malam, ba na musu. Duk damina sai an tuno da Dasin Hausa a rediyo, da ruwa ya janye an manta.

Baba Direba: Ku yara ba ku san Binuwai ba. Kafin dam, da damina ta kankama jiragen ruwa suke tasowa tun daga bakin teku a Najeriya har tashar jirgin Garwa. Su kawo gishiri da siminti da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa. Wata biyu zuwa uku ake yi ana wannan hada-hada, kafin ruwa ya ja su gudu. Je ka tashar yanzu ka gani.

Sannan ambaliyar da kuke tsoro, a da jiranta ake yi. Ruwa ya hau fadama ya kwanta, ya janye wajen Oktoba, sai a bi shi da dashen masakwa, dawar rani. A huda ƙasa da sanda, a sa tsiro, a zuba ɗan ruwa, shi ke nan, ba ruwan sama ba ban ruwa, har a girbe cikin sanyi wajen Janairu da Fabrairu. Da ita gidaje da yawa ke kai wa sabuwar damina. Da aka tare kogi ruwa ya daina hawa kamar da, wasu gonakin masakwa suka mutu, mutane suka ga wuri ya bushe shekara da shekaru, sai aka fara yanka shi ana sayarwa a matsayin filin gida. Irin filin da ake nuna wa baƙo da rani ke nan. Mutanen da ba su yi gini a nan ba, ba don ba su da hankali ba ne.

Ɗan Moto: Baba ya gama magana. Araha ba ta ado.

Maman Biyu: A'a, kada ku tsorata bawan Allah gaba ɗaya. Ba duk Pitowa ce fadama ba. Akwai tudu ta gefen dutsen Tingilin, akwai cikin gari. Sai dai kuɗinsu ba irin wanda aka gaya masa ba ne.

Magatakarda: Tambayata daban ce. Malam Tela, wace takarda mai filin ya nuna maka?

Tela na Yelwa: Ya ce gadon gidansu ne, jauro, wato mai unguwa, zai sa hannu, da shaidu.

Magatakarda: Sa hannun jauro yana da amfani a zaman unguwa, don shi zai ce ya san ka in rigima ta taso. Amma a wajen hukuma, tun dokokin ƙasa na 1974, abin da ke tabbatar da mallaka shi ne titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Filin da ba shi da ita, a doka ba a ma yarda a sayar da shi ba, ko da yake kowa ya san haka ake yi a ko'ina. Wanda ke da ita kuma a gaban notar, jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake cinikinsa. Akwai wani abin da mutane ba sa lura da shi: gaɓar kogin da jirgi ke bi ta gwamnati ce, har mita 25 daga inda ruwa ke tsayawa in ya cika. Can ko ka gina bene ba za a ba ka takarda ba.

In gado ne, ka nemi ganin sauran magada da idonka, har matan. Na sha ganin wanda ya biya babban wa, ya fara aza bulo, sai ga ƙanwa daga Marwa ta ce ba da ita aka yi ba. Sannan ka shiga meri, ofishin magajin gari, ka tambaya ko wurin yana cikin inda aka hana gini, ko inda aka ware wa wani aiki. Ta gefen Lagdo musamman, akwai aikin noman rani na Viva Binuwai da Bankin Duniya ya sa wa kuɗi a 2020, filayen ƙasan dam da yawa suna cikin lissafinsa.

Anti Nas: Ni ta fannin lafiya zan yi magana, don na yi aiki a ƙaramin asibiti a wani gari na bakin kogin nan. Zazzaɓin sauro kowa ya sani. A damina ana bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata, don Allah in sun zo kada a ce maigida ba ya nan. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne tsargiya. Yaron da ya tashi a bakin ruwa ba mai hana shi wanka, ko ka ɗaure shi. Ƙwayar cutar tana fitowa daga 'yan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta shiga ta fata. Sai ka ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshe, wasu iyaye har suna ɗauka alamar girma ce. Ba girma ba ne, cuta ce, tana da magani kuma ana rabawa a makarantu.

Ruwan sha shi ne na biyu. In ruwa ya hau, masai da rijiya sukan zama abu ɗaya, daga nan amai da gudawa ke tashi. Duk gidan da za ka gina, ka ɗaga bakin rijiya, ka nisanta masai da ita.

Na uku, haihuwa. Awo da haihuwa mai sauƙi ana yi a can, akwai shek sante, takardar awo da haihuwa ta sefa 6,000, da ke ɗauke wa mace nauyi mai yawa. Amma in abu ya rikice, ana bukatar jini ko tiyata cikin dare, Garwa za a nufa. Daga Pitowa wannan da sauƙi. Daga ƙauyen da ke bayan tafkin Lagdo, inda sai an shiga kwale-kwale kafin a kai ga mota, na ga abin da ba na son tunawa.

Ɗan Kusiri: Ina biye da ku daga Kusiri. Mu namu ya fi naku ban mamaki, don babban birnin da muke kallo a tsallaken ruwa na wata ƙasa ne. Njamena ga ta nan, inda Logon ya haɗu da Shari. Tun da aka yi gadar Ngeli a 1985 mutane ke kwana nan su yi aiki can, haya da cefane sun fi sauƙi a gefenmu. Amma ranar da aka rufe iyaka, kamar lokacin korona a 2020, sai ka ga mai shago yana hango kasuwarsa ba halin zuwa. A 2022 kuma ruwa bai tambayi kowa katin ɗan ƙasa ba, ya ci unguwanni a can ya ci a nan. Abin da na lura, waɗanda suka fi jin jiki su ne baƙin da suka sayi fili mai araha a bayan gari. 'Yan asalin wuri, Kotoko, tsofaffin gidajensu suna kan tudu.

Hajiya Mai Banda: Na karanta duka, kowa ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Ni sana'ata kifi. Ina saye a bakin tafki, a yi mini banda, in ɗaure a kwali in kai Garwa, wani lokaci har Marwa. Na san masu zaman garuruwan nan iri biyu ne. Akwai wanda abincinsa yana wurin: mai kamun kifi, mai banda, mai shinkafa a ƙasan dam, mai albasa a fadama, mai saƙar raga, mai gyaran injin jirgi. Shi in ruwa ya ɓata masa bana, baɗi ruwan ne zai biya shi. Akwai kuma wanda barci kawai yake zuwa yi. Shi ba ya cin komai a kogin, amma sauro da laka da kuɗin mota duk nasa ne.

Ɗana Tela, in za ka koma, ka koma da kekenka. Me ya hana? Ranar Lahadi a Pitowa mutanen ƙauyuka suna shigowa da kuɗi a hannu, sun sayar da akuya ko buhun masara, mata suna yankar atamfa a nan take suna neman wanda za su ba. Suna ɗaukar kaya har Garwa ne don ba su samu mai hannu a kusa ba. In ɗinkinka yana da kyau, su za su neme ka.

Tela na Yelwa: Hajiya, na yi wannan tunanin. Abin da ke tsorata ni shi ne masu kawo mini aiki a Garwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa, shadda da aikin zare, ana biya ƙarshen wata. Injin aikin wuya kuma sai da wuta.

Hajiya Mai Banda: To ai ka san inda abincinka yake. A can kuɗi lokaci gare shi. Bayan an auna auduga kamfanin Sodekoton ya biya, bayan an kwashe albasa, bayan an buɗe kamun kifi, gari ya cika da biki da suna. Tsakanin Yuli da Satumba kuwa bashi za ka yi ta rubutawa. Mai haƙuri da wannan shi ke zama. Kuma ba dole ka rufe na Yelwa ba. Ba ka da yaron da ya iya? Ka bar masa can, ko ka sa shi a rumfar Lahadi ka ga yadda kasuwar za ta karɓe ku kafin ka motsa.

Ɗan Moto: Hajiya, a bar wa yaro shago? Ya dawo ya tarar an sayar da har almakashi.

Hajiya Mai Banda: Kai dai ka faɗi halinka. Ni yaran da na bar wa tanda ba su taɓa cin mini ko kan tarwaɗa ba.

Malamin Lise: Batun karatu, tunda ba wanda ya ɗauko. Akwai lise, wato babbar sakandare, a Pitowa, akwai a Lagdo, yaro zai iya kai wa bak, jarrabawar gama sakandare, bai bar gida ba. Jami'a ma tun 2022 an yi wa Garwa tata, ba sai an tafi Ngaundere ko Marwa ba kamar da. Matsalar da nake gani a aji ita ce watan Satumba. Ranar komawa makaranta tana faɗowa daidai lokacin da ruwa ya fi cika. Ɗaliban da ke tsallaken rafi sukan makara da makonni, wasu su zo da littattafai a leda a kan kai, wando a naɗe. In za ka zaɓi wuri, ka bi hanyar da yaronka zai bi zuwa makaranta da islamiyya, ka ga ko akwai kwarin da zai raba su.

Ɗan Masunta: A ƙara da dorina. Baƙo yana ganinta abin kallo ne, har a Garwa ana zuwa bakin gada a ɗauki hoto. Mu da ke da gona a gaɓa mun san ta. Dare ɗaya za ta shiga masara ko shinkafa ta bar maka fili, kuma ba ka da ikon taɓa ta, doka ta kare ta. Mai ɗa kuwa ko kwale-kwale ba ta bari ya gifta. Yaranka 'yan birni ne, ba su san inda ake shiga da inda ba a shiga ba. Su riƙa bin 'yan gari, kada su je su kaɗai.

Maman Biyu: Yaya Tela, ban ji ka ambaci matarka ba. Ita ce za ta wuni a can fa, ba kai ba. Ni watannin farko na sha kuka, ba don wahala ba, don kewa. A Garwa in na leƙa ƙofa ga 'yar'uwata, ga gidan biki, ga mai kitso da na saba da ita. A nan kuma yawancin maƙwabtana Fulatanci suke yi, da na wasu ƙabilu da ban taɓa ji ba. Nawa Fulatancin na kasuwa ne, sai da na zauna na gyara shi. Yanzu alhamdu lillahi, da na haihu matan unguwa ne suka riƙe ni, wata ta kawo itace, wata ta kawo kunun gyaɗa, ba wadda ta jira a kira ta. Amma ka tambaye ta tukuna. In tana da sana'a, ka duba ko za ta ci a can.

Tela na Yelwa: Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ita ta fi ni son tashi ma, ta gaji da rigimar famfo ɗaya gida shida. Sai dai ita cikin gari take so, ni ne kuɗin filin fadaman ya ja ni.

Maman Biyu: To ai ita ta fi ka dacewa da wurin. Gyaɗa a nan take, ba kuɗin dako. Ta zo ranar Lahadi in zaga da ita.

Baba Direba: Ga abin da zan ce ka yi, ka ɗauka ko ka bari. Kada ka ba da ko dala a kan filin nan yanzu. Ka kama hayar gida a cikin Pitowa, ai ba ta kai ta Garwa ba, ku yi damina ɗaya cur. Ka ga kuɗin hanya da idonka, uwargida ta ga kasuwa, yara su ga makaranta. Cikin Satumba ka sa takalmin roba ka je filin. In mai shi ya ce ba zai jira ba, wani zai saya, ka ce Allah ya sa albarka.

Magatakarda: Kuma in ya ce ka ba da rabi a riƙe maka, a rubuta, da sharaɗin mayarwa. Kuɗin da aka ba da a kan amana ba ya dawowa da sauƙi.

Tela na Yelwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan nemi hayar. Surukina ne ban san yadda zan yi da shi ba, ya riga ya gaya wa mutane muna zuwa Lagdo. Har ya ce kifi kyauta za mu riƙa ci.

Ɗan Masunta: Kyauta? Shi masunci ne?

Tela na Yelwa: A'a, cajin waya yake yi.

Hajiya Mai Banda: To ka gaya masa inji ni, babbar giwan ruwa ba ta kwana a Lagdo. Tun tana cikin jirgi an san mai ita, don dillali ne ya ba masuncin bashin raga da mai. Ana saukewa a sa ta a ƙanƙara, mota ta wuce da ita Garwa, wata har Ngaundere a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Abin da ke saura a tire a bakin ruwa shi mutanen gari ke saya, kuma da kuɗinsu. In kana marmarin mai kyau, ka zo kasuwar kifi nan Garwa da sassafe, in ce a zaɓa maka.

Ɗan Masunta: Hajiya, ai ku ne dillalan.

Hajiya Mai Banda: Mu ne. Ka tuna wa babanka akwai sauran kuɗin kalli na bara.